Ƙwayar Da Aka Canza Mini Ba Tare Da Bayani Ba

Zuwa ga Hajiya, shugabar sashen tazarar haihuwa na asibitin da nake zuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya da iyali.

Aikina na farko yau: duba zanena kafin alwala, in rubuta abin da na gani. Kwana goma sha tara ke nan ina haka.

Ni mai bandar kifi ce a Wara, shekaruna arba'in da ɗaya. A haihuwata ta takwas na zubar da jini har likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ni. Tun lokacin nake shan ƙwaya, da sanin maigidana.

Na ɗaya. Shekara uku ana ba ni mai launi biyu. Watan jiya ma'aikaciyarki ta auna jinina, ta miƙo wata mai launi ɗaya. Na tambaya, ta ce duk ɗaya ne. In duk ɗaya ne, me ya sa aka canza?

Na biyu. Tun da na fara ta jini yake ɗigo mini, yau akwai, gobe babu. Ban san ranar da zan yi salla da ranar da zan bari ba.

Na uku. Ƙanwata a Yelwa ta ce irin wannan ba ta son a saɓa lokaci. Littafina ya nuna sau biyu jirgin ruwa ya makara da ni daga kasuwa, na sha ta bayan lokacinta ya wuce da awa biyar. Wataƙila laifina ne. Amma wa ya gaya mini?

Mata a bakin ruwa suna cewa ragowar da birni ya ƙi ake kawo mana. Ban so in yarda ba, sai dai shirunku yana taya su. Biyu sun riga sun daina sha.

Roƙona, Hajiya: ki faɗa mini sunan ƙwayar, dalilin canjin, da ko har yanzu tana kare ni. Allah ya yi miki jagora, ya raya zuri'a.

Abin da ya rage mini gobe:
Juya kifin da bai bushe ba.
Tambayar Malamar Islamiyyarmu hukuncin ɗigon.
Neman abin gwajin ciki.
Shan ƙwaya ƙarfe bakwai, ko ban san me nake sha ba.

Wassalam.