Na Yi Wa Tandar Wainar Matata Feshin Kariyar Gobara, Ta Yi Yaji

Assalamu alaikum Anti Zuwaira. Don Allah ki taimake ni da shawara, gidana na neman watsewa a kan abin da ni har yanzu nake ganin alheri na yi. Matata ta yi yaji, yayanta ya ce kada ya sake ganin ƙafata a layinsu, abokaina kuma duk wanda na fara ba labarin sai ya kama dariya tun ban kai rabi ba. Ke ce kawai nake sa ran za ki karanta har ƙarshe.

Bari in fara da sana'ata, don mutane ba su gane ta ba. Ni mai feshi ne, amma ba na sauro ba, ba na gona ba. Idan aka kafa ƙarafunan babban gini, irin filazojin nan da ake ta yi a Unguwar Rimi, kafin a rufe su da silin da bango mu ake kira. Akwai wani gari da ke zuwa a buhu, kamar siminti amma bai kai shi nauyi ba. Mu kwaɓa shi da ruwa a inji, mu fesa wa ginshiƙai da ƙarafunan da ke ɗauke da bene. In ya bushe sai ya yi toka-toka da kaushi, kamar gara ta hau ƙarfen. Amfaninsa shi ne, idan gobara ta tashi zafi ba ya saurin cin ƙarfen, har mutane su samu su fita.

Jama'a na ɗauka ƙarfe ba ya jin wuta. Anti, ƙarfe rago ne, da idona na gani. Shekarun baya ina walda, wani sito ya kama da wuta da rana tsaka kusa da inda muke aiki. Muna tsaye, ƙarafunan da suka fi cinyata kauri suka fara lanƙwashewa kamar taliya a ruwan zafi. Dattijon da ke gadin wurin, wanda muke cin abinci tare da shi, ya fito ke nan da buta a hannu rufin ya zauna a bayansa. Ko ƙwarzane bai yi ba. Amma ni tun daga ranar, in na ga ƙarfe tsirara sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Dalilin da ya sa na bar walda na koma feshi ke nan.

To, in mun tashi aiki, ragowar kwaɓin da ke cikin inji zubarwa ake yi, don in ya kwana daskarewa yake. Abin yana yi mini ciwo. Na tambayi ogana, Malam Rabe, ya ce in kwashe in ina so. Sai na sayi ƙaramin injin feshi na ajiye a gida, nan Unguwar Dosa.

Da get ɗin gida na fara. Matata Harira ta ƙyale ni, sai dai kwaɓin ya shiga gaɓoɓin get ɗin, yanzu sai mutum biyu sun sa kafaɗa yake buɗewa. Na bi ƙarafunan tagogi. Na bi gadonmu, wanda na ƙarfe ne. Gaskiya yana ɗan zuba in an juya, har ƙawayen Harira suka fara tambayarta ko furfura ce ta fito mata da wuri. Na yi wa tukunyar gas, mai gas ya ce shi ba ya ɗura wa suri gas. Fanka ce kaɗai na san ban yi lissafi ba da na fesa mata. Ranar da aka kawo wuta muna da baƙi a falo, ta watsa musu abin a ka da cikin miya. Na ba su haƙuri, na kuma yi musu bayanin amfaninsa.

Don ki san ba zaucewa na yi ba, akwai abin da na ƙi fesawa. Labari ya bazu a unguwa cewa ina ba ƙarfe magani, kafin ya kai bakin titi ya koma wai ina ba da maganin ƙarfe. Wani ƙato ya zo da wuƙaƙe a ɗamara, ya tuɓe riga a ƙofar gidana ya ce in fesa masa. Na ce masa ba a yi shi don fata ba, ba zai ma kama ba. Ya zauna har la'asar, sai da Harira ta ba shi abinci ya tafi. Wannan ma tana lissafa shi cikin laifuffukana, alhali ni na ƙi.

Yanzu ga asalin maganar. Harira tana sana'ar waina da safe a ƙofar gida. Ma'aikata masu tafiya ofis da masu Keke layi suke yi, don wainarta ta yi suna. Tandar ta ƙarfe ce, ta gaje ta daga mahaifiyarta, Inna Balki, Allah ya ji ƙanta. Harira ta tafi Zariya sunan ƙanwarta, na zauna a tsakar gida ina kallon tandar nan a jingine. Sai na ga a duk gidan babu ƙarfen da ke cikin haɗari kamarta, kullum a kan wuta take, kuma babu mai tausaya mata. Na kifa ta, na yi wa ƙasanta feshi, na bari ya sha iska na ƙara wani. Na auna kaurin da allurar da muke aunawa a wurin aiki. Ban taɓa yin aikin da ya yi kyau kamarsa ba. Cikin tandar kuwa ko ɗigo ban bari ya taɓa ba, ina da hankali.

Washegarin dawowarta ta hura gawayi, ta ɗora tanda, ta zuba mai, ta zuba ƙullu. Ƙullu ya zauna fari fat yana kallonta. Ta ƙara gawayi, ta yi fifita har hannunta ya gaji. Ta ce gawayin ne ya sha ruwa, ta aika aka sayo wani. Layi ya kai bakin kwalbati. Wata maƙwabciya ta ce wannan ba banza ba, baki ne ko hannu, wani malamin allo da ke cikin layin ya matso ya yi tofi a kan tandar. Anti, wuta na ci jawur a ƙasa, ƙullu ko motsi bai yi ba. Ni kuwa ina tsaye a gefe, wani daɗi ya cika mini ciki, ban san lokacin da na ce, “Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau” ba.

Kowa ya juyo. Harira ta sa tsumma ta ɗaga tandar, ta leƙa ƙasanta. Tunda aka haifi 'yarmu, Baban Mardiyya take ce mini, ko cikin faɗa. Ranar, a gaban mutane, ta kira ni da sunana na yanka. Ta rabar da ƙullun, ta ɗauki 'yarmu da jakarta, masu Keke biyu suka taya ta tura get, ta tafi gidan yayanta Nazifi a Kurmin Mashi.

Na je biko da goro da atamfa. Yaya Nazifi ya shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin rumfar motarsa, ya fara yi mini nasiha mai kyau a kan haƙƙin mace da dukiyarta. Wallahi na so in saurara. Amma ginshiƙan rumfar nan duk tsirara suke, ga janareto a gindin ɗaya, ga jarkar fetur a jikinsa. Da ya gama ya ce, “To, me ka ce?” sai na ji bakina ya ce, “Yaya, in wuta ta tashi, rumfar nan ba za ta kai ka ka ɗauko makullin mota ba.” Ya naɗe tabarmar tun ina kanta.

Yanzu Harira ta aiko ƙawarta Hafsatu da sharaɗi: in kankare duk abin da na fesa, injin ya bar gidan, tandar Inna ta koma yadda take. Na ɗauki kurfi da guduma na zauna gaban tandar ya fi a ƙirga, hannuna ya ƙi. Ji nake kamar zan tuɓe wa iyalina riga in tura su cikin wuta. Ina son matata, gidan ya yi mini faɗi, ko shayi ba na iya dafawa tunda babu gas. Ta yaya zan fahimtar da ita cewa don ita na yi? Sannan, in na faki idon Yaya ya tafi aiki na yi wa rumfarsa kyauta, zai huce ko zai ƙara hawa?

Naki,
Mai Feshi, Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam, Mai Feshi.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa, don ita ce ta gaggawa. Kada ka kusanci rumfar nan. Zai ƙara hawa, kuma wannan karon da 'yan sanda.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma da na zo kan dattijon nan mai buta dariyar ta tsaya. Sana'arka mai daraja ce, mutane da yawa suna hawa bene suna sauka ba su san akwai hannunka a lafiyarsu ba. Niyyarka ma ba wanda ke shakkarta. Har maganar fetur a jikin janareto gaskiyarka ce, lokacin faɗinta ne ba ka sani ba.

Sai dai ka fi ni sanin cewa an yi feshin nan don ƙarfen da ke ɗauke da gini, kuma ba ya hana gobara tashi, lokaci kawai yake ƙara wa masu gudu. To, dubi gidanka. Get ɗin da sai mutum biyu sun tura, shi ne zai tsare matarka da 'yarka a ciki ranar da suke buƙatar fita. Tukunyar gas da ka lulluɓe, in ta yi tsatsa ko ta fara yoyo ba mai gani. A wurin aiki takunkumi kake sawa, amma ka bar Harira tana kwana tana shaƙar ƙurar abin. Gidan ya fi haɗari yanzu a kan ranar da ka fara.

Tanda kuwa, aikinta ke nan ta sha wuta. Ba taka ba ce, ba ka tambaya ba, ka jira ta yi tafiya sannan ka taɓa ta, wanda ke nuna ka san amsar da za ta ba ka. Abincinta ne, kuma abin da ya rage mata na mahaifiyarta. Sannan ta tsaya tana jin kunya a gaban masu cinikinta, kai kana hamdala. Wannan ya fi feshin yi mata zafi. Ita ma da ta taka maka burki tun a kan gado da abin bai kai nan ba, amma haƙurin da ta yi ba laifi ba ne da za ka riƙe.

Sharuɗɗanta uku duk masu sauƙi ne, ka cika su kafin ka sake zuwa Kurmin Mashi. Tukunyar gas ka kai wa masu gas su duba, in sun ce ta tashi aiki ka sauya. Gado da get da tagogi ka jiƙa su ka kankare da takunkumi a fuska, a kwashe dattin daga gidan. In hannunka ya ƙi taɓa tandar, ka kai wa maƙeri, daga nan a ba wata tsohuwa mai waina ta gyara ta da mai har ta dawo hayyacinta. Injin ka kai wa Malam Rabe ajiya. Tsoron gobarar kuma ka ba shi aikin da ya dace: abin kashe gobara a kusa da kicin, mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidan, taga ɗaya ta zama mai buɗewa daga ciki.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarka ba. Ka taɓa zaunar da Harira ka ba ta labarin siton nan, da gumin da hannunka ke yi? Ina zargin ba ka taɓa ba. Bayanin amfanin feshi ta ji ya ishe ta, wannan ne ba ta ji ba. Ka faɗa mata. Ka kuma je asibiti ka faɗa wa likita, domin firgicin da ya zauna wa mutum shekaru yana da magani, kuma ba abin kunya ba ne.

In za ka koma biko, ka tafi da dattijo daga danginku, shi zai yi magana. Kai naka “na yi kuskure, a yi haƙuri”, daga nan ka sa ido a ƙasa.

Allah ya huci zuciyarta, ya mayar da ita ɗakinta lafiya, ya sa albarka a sana'arku ku biyun, ya tsare mu da gobara baki ɗaya. In an daidaita kana son yi mini godiya, saƙo ya wadatar. Kada ka wahalar da kanka zuwa ofishinmu, matakalarmu ta ƙarfe ce.

Anti Zuwaira