Waken Uwani

Gidan Igwai, Sakkwato.
4 ga Yuli, 1977.

Zuwa ga ɗana Abdulwahabu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka Sadiyatu da jariri, da kwas ɗin da gwamnati ta tura ka Zariya. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, innarka tana gaishe ku. Da hannuna nake rubuta wagga takarda. Shekara uku da na yi bisa benci a ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, ba su tafi banza ba.

Na san labarin uwata Uwani kuke jira. Tun da kuka bar mini ita gidan ga ya dawo da rai. Ban manta sharaɗin Sadiyatu ba: yarinya ta riƙa zuwa makarantar renon yara ta Malama Ladi a Sabon Gari, kuma ranar da ta kwanta ciwo a sa ta mota zuwa Zariya. To, ku kwantar da hankali, ko tari ba ta yi ba.

Makarantar akwai doka kamar barikin soja. A wanke hannu da sabulu, a sha tafasasshen ruwa, a duba farce ran Litinin. Ni da na haifi uban yarinya, sai na nuna kati a bakin ƙofa kafin a ba ni ita.

Ga babban labari. Tunda gwamnatin soja ta ce kowa ya koma noma, Malama ta ce darasin damina shi ne kowane yaro ya shuka ƙwayar wake guda a gwangwanin madara. Wa za a nema in ba ni ba? Shekara arba'in ina sayar da hatsi. Na zaɓi ƙwara ashirin da huɗu da kaina, na faɗa wa Malama gaban iyayen yara cewa waken Alhaji Sodangi ko bisa siminti aka aje shi sai ya tsira. Na kuma koya wa Uwani yadda muke gane iri a kasuwa: a duba, a murza, a sansana. Ka ga yadda take sansanawa, sai ka ce tsohuwar dillaliya! Yau suka shuka.

Ka gaida Sadiyatu, ka shafa mini kan jariri.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Sodangi.

12 ga Yuli, 1977.

Zuwa ga Abdulwahabu,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

An kunyata ni a Sabon Gari. Gwangwani ashirin da uku sun tsira, sun jeru a taga kore shar. Guda ɗaya ne ƙasa tsura, kuma sunan jikata ne a jikinsa. Har ɗiyar Lawwali mai gyaran rediyo, wanda bai san bambancin gero da maiwa ba, nata ya yi kunne biyu. Jiya ya tare ni a bakin ƙofa yana tambaya ko in kawo simintin a gwada.

Na tuhumi ƙasar, aka ce duk daga buhu ɗaya take. Na tuhumi taga. Ba zan ɓoye maka ba, ran Asabar na sa ƙwara guda a aljihu na tafi da niyyar in tura ta cikin gwangwanin ba wanda ya sani. Maigadin, tsohon soja ne, ya ce kati na ɗaukar yaro ne, ba na shiga aji ba. Na dawo da wakena.

Ita kuwa baiwar Allah kullum sai ta ba gwangwanin ruwa, amma ta daina surutu. In na tambaye ta labarin shuka sai ta sunkuyar da kai. Baƙin ciki ne, jinin 'yan hatsi ke jikinta.

Akwai wata 'yar magana, amma wannan tsakanina da kai ne, kada ka karanta wa Sadiyatu. Uwani tana ɗan mura. Ba kwanciya ta yi ba, ka lura, don haka sharaɗi bai faɗa ba. Murar ma rabi ce, hancin dama kaɗai ke zuba. Innarka ta ce yana ɗan wari, na ce hancinta ne ya tsufa. Mun shafa man zafi, mun yi hayaƙin habbatussauda, na naɗe mata wuya da rawanina. Barci take da baki buɗe. Zai wuce in Allah ya so.

Mahaifinka,
Alhaji Sodangi.

14 ga Yuli, 1977.

Zuwa ga ɗana Abdulwahabu da ɗiyata Sadiyatu,

Bayan gaisuwa. Wannan ku karanta tare. Ku fara da cewa Alhamdu lillahi, don Uwani lafiyarta ƙalau, ga ta nan tana cin fura tana taɓa mini takarda.

Jiya da hantsi aka aiko daga makaranta in zo maza. Ashe da safe jikinta ya yi zafi. Malama Ladi ta duba hancin, ta ce ita ba ta taɓa ganin mura mai zaɓen ɓangare ba. Sai ta ɗauko gwangwanin ta zazzage bisa jarida, ta tona ƙasar tas. Babu wake. Ta ɗora yarinya a cinya ta lallashe ta, ta tambaye ta inda ta shuka nata. Uwani ta ɗaga yatsa ta nuna hanci.

Ranar shuka, da aka ba ta ƙwayarta, sai ta duba, ta murza, ta sansana, yadda kakanta ya koya mata. Ta ja da ƙarfi, wake ya wuce. Tsoro ya hana ta faɗa, ta rufe gwangwani wayam, ta yi kwana tara tana ba shi ruwa.

Na ce a kawo tsinke. Malama ta daka mini tsawar da rabona da irinta tun ina makarantar allo, ta ce in na taɓa hancin zai ƙara shigewa. Ta tare tasi muka yi asibiti. A hanya ina ta salati, ina tuna rawanin da na naɗa wa yarinya ina cewa mura ce. Likita ya haska tocila, ya sa ɗan hantsaki, kafin in gama Ƙulhuwallahu ya zaro shi. Ta yi atishawa uku, ta nemi alewa. Ya ba da magani na kwana biyar, ya ce da an ƙara mako da labarin ya sha bamban.

Allah ya yafe mini, amma sai na faɗa: waken ya tsira. Ya kumbura, ya fasa, ga farin tsiro kamar kan allura. Babu rana, babu ƙasa, babu taki. Na roƙi likita ya ba ni shi a auduga. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo.

Malama za ta rubuto muku, dokarsu ce, shi ya sa na riga ta. Laifin nawa ne, kuma ɓoye murar ya fi koyar da sansanawa muni. Sadiyatu, sharaɗinki ya faɗa. In kin ce a kawo ta, ni da kaina zan kawo ta. Amma ki sani tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya ƙara yi mini faɗa in na fita ba hula sai mai sunanta. Ina roƙo.

Mahaifinku,
Alhaji Sodangi.

29 ga Yuli, 1977.

Zuwa ga ɗiyata Sadiyatu,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Takardarki ta iso jiya. Na karanta ta sau huɗu, na karanta wa innarku, na karanta wa maƙwabta, har maigadin makaranta na karanta wa. Allah ya yi miki albarka, ya raya jariri! Na karɓi sababbin sharuɗɗa duka: ko atishawa ta yi Malama Ladi za ta fara ji, kuma na daina koyar da sana'a sai ta shekara goma.

Waken da likita ya zaro mun shuka shi, yana nan cikin gwangwaninsa a tagar aji, ya yi ganye huɗu, yana neman kamo na ɗiyar Lawwali. Yara suna kiransa ɗan hanci. Lawwali ya daina maganar siminti.

Malama ta ce baɗi ma za a yi shuka, kuma ni zan kawo iri, amma ƙwallon mangwaro. Na riga na fara tarawa. Kowane sai na gwada shi a hancina tukuna, kuma kin san hancin gidanmu. Ko ɗaya bai shiga ba.

Uwani ta dangwala miki yatsa a ƙasan takarda.

Ni ne mahaifinku mai farin ciki,
Alhaji Sodangi.