Danshi a Cikin Na'ura

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Baba? Ƙafar ta fara takuwa? Allah Ya ƙara sauƙi. Yara lafiya lau, sai ƙorafi a kan girkina.

Ni kam aiki ya cije. Kin san furotin ɗin nan da na daɗe ina lallaɓawa, mai zama a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, kamar ƙofa a bango. Na'urarmu takan ratsa shi da haske ta fitar da zane, daga zanen mu gane ko ƙofar tana buɗewa. To, kwanakin nan zanen ya koma haƙoran zarto. Danshi ke shiga, ya rufe daidai inda nake son gani. Na canza bututu, na liƙe kowace kafa, a banza. Furotin ɗin saura ɗan kaɗan a gindin kwalba, kuma Farfesa, shugabar aikinmu, ta ce idan ya ƙare babu sakamako, za ta rufe aikin. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Sarkin Surutu

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na ji har ya zaga tsakar gida da sanda, madalla.

Albishirinki: an kama ɓarawo, kuma mijinki ne. Yau da safe Farfesa ta shigo ta tsaya bayana ban sani ba. Na buɗe murfin na'urar, na sunkuya ina ɗiga furotin, ina ba na'urar labarin yadda auta ta dawo daga makaranta da takalmi ƙafa ɗaya. Farfesa ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ashe numfashina ne danshin! Tun tafiyarki na rasa mai saurarena, na koma zuba wa ƙarfe ban lura ba.

Farfesa ta sa na rufe baki da takunkumi, na ɗiga ragowar furotin ɗin ba surutu, muka jira cikin na'urar ya bushe. Zane ya fito sumul. Ƙofar tana buɗewa, na gani da idona.

Na juya in faɗa wa wani: yara suna makaranta, na'ura kuma an hana ni yi mata magana. Shi ne na ɗauki biro. Kada ki yi gaggawar dawowa, ki kula da Baba. Amma na yi kewarki ƙwarai, kuma ki tanadi kunne.

Mijinki,
Sarkin Surutu