Mangwaro a Gonar Aro

Muciya, Sabon Gari, Zariya
Asabar

Zuwa ga ɗana Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya Ikko, yaya aiki? Ni yau kwanana tara ban fita masallaci ba saboda gwiwa, tarin ma yana nan. Alhamdu lillahi.

Maganar gonarmu ta ƙauye ce. Ɗanladi ɗan ƙanena da na ba aro, kowace kaka yakan kawo damin dawa ɗaya, shaidar cewa gona tawa ce. Bana bai kawo ba. Wai rafi ya cika, lori ba ta shiga. Bayan an gama girbi? Shekaranjiya Inna Mero mai daddawa ta zo daga can, da ƙafa ta ƙetare, ko bakin zanenta bai jiƙe ba. Ta ce, "Malam, ashe ka sayar? Na ga ya dasa mangwaro shida, har da shinge."

Haruna, ka san wanda aka ba aro ba ya dasa itace. Dattawan da suka shaida aron saura biyu. In suka tafi, mangwaron ya yi 'ya'ya, wa zai ce taka ce? Ni hawa lori ya fi ƙarfina yanzu. Ka nemi hutu ka je kafin damina, ka fara da gidan mai unguwa.

Ka sa ni a addu'a. Ka gai da Hadiza da takwarana.

Mahaifinka,
Isiyaku

Ɗanladi ya aiko cewa zai zo jiya bayan Juma'a. Na zauna a zaure har magariba. Bai zo ba.