Kar Ki Mayar da Kifin Nan

Auta,

Na tafi asibitin ido. Na ga kin dawo daga aiki a gajiye, shi ya sa ban tashe ki ba.

Na ji kina gaya wa mijinki yau za ki mayar wa mai kanti shuɗin kifin nan, wai marar lafiya ya sayar miki. Ba ciwo ba ne, baƙunta ce. Daga teku aka ɗauko shi, aka ƙulle a leda, aka juye a akwatin gilashi. Ga fitila a kansa, ga yaranki suna ta ƙwanƙwasa masa gilashin. Dole ya maƙale a bayan dutse, ya dushe, ya ƙi abinci.

Da safen nan na kashe fitilar, na rufa wa akwatin tawul, na koma gefe na zauna shiru. Can sai ya leƙo, ya ɗauki ƙwayar abinci ɗaya, ya koma. Ruwan gishirin da yake ciki ban taɓa ba, ban san kansa ba.

Kar ki sake sa shi a leda, ba zai kai ba. Ki hana yara zuwa wurin.

Zancen da kuke yi da yayanki kuma, na a kwashe ni zuwa gidansa don ba na cin abinci a nan, shi ma a bar shi. Ban daɗe da barin gidana ba, ku bar ni in saba. Ɗakin nan ya ishe ni.

Ki ajiye min abincin rana, zan ci.

Babanki