Koriyar Motar da Birger Ya Dawo da Ita

Talata, 12 ga Afrilu

Motoci goma sha huɗu na duba yau, huɗu ba su ci ba. Ta ƙarshe ce ta sa na ɗauko littafin nan, rabona da shi tun watan da aka binne matata Gunnel.

Ƙirar Ingila ce, ta 1966, koriya mai duhu, sitiyari a dama. A kan tirela aka kawo ta. Majvor Hedlund ce ta jawo ta, matar nan mai gyaran taraktoci a hanyar Gräsmark. Shekara talatin ina ganinta a gari, ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba. Ta ce ba dubawar rajista ta zo ba tukuna, so take in faɗa mata duk abin da zan kayar da motar a kansa, don ba ta son zuwa sau biyu.

Na faɗa mata. Fitilun gaba gefen hagu suke haskawa, don hanyoyin Ingila aka yi su, a nan za su kashe wa mai tahowa ido su bar bakin daji cikin duhu. Agogon gudu da mil yake ƙirga, mu kilomita muke so. Babu madubi a ƙofar hagu. Jajayen gilasan baya sun dushe, ba sa mayar da haske. Tana ji tana rubutawa a bayan kwalin man inji. Na ce aikin kwana biyu ne, ta sayi sababbi, ta huda bodi ta ɗaura.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Sixten, kai za ka yarda a huda ka don a rataya madubi?"

Ylva, abokiyar aikina, sai da ta shige ofis don dariya.

Laraba, 13 ga Afrilu

Ylva ta san labarin, kamar kullum. Motar ta Birger ce, yayan Majvor. Yana ɗan shekara ashirin ya bi jirgin ruwa, ya zauna a Hull ta Ingila shekara hamsin. Bai zo binne uwarsu ba, bai zo na ubansu ba. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, matarsa ta riga ta mutu, ba ɗa ba jika. Majvor ta je da kanta ta ɗauko shi, da akwati biyu da motar, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya a kulle.

Ylva ta kuma tuna mini cewa a gari Sixten Ba-ta-ci-ba ake kirana. Na sani.

Juma'a, 29 ga Afrilu

Na koma gida ta hanyar Gräsmark, ko da yake zagaye ne. Ƙofar garejin Majvor a buɗe. Ban tsaya ba.

Lahadi, 8 ga Mayu

Na tsaya.

Birger yana bakin ƙofa a keken guragu, bargo a cinya, sanda a hannun hagu. Dogo ne har a zaune. Yarenmu ya gudu daga bakinsa tun da ciwon ya same shi, abin da ya rage 'yan kalmomin Turanci ne, yawancinsu zagi. Majvor kuwa Turancinta bai wuce na takardar kayan inji ba. Da sanda suke magana. Ya buga ƙasa sau ɗaya, ta ci gaba. Sau biyu, ta dakata ta ɗago masa abin ya gani.

Abin da na tarar tana yi ne ya hana ni tafiya. Ta kwance agogon gudu, ta cire gilashin, tana rubuta lambobin kilomita a ƙarƙashin na mil da burushin da bai fi gashi biyar ba. Hannun da ke ɗaga tayar tarakta. Ta riƙe numfashi, ta ja 80, ta saki. Lambar ta fito irin rubutun tsofaffin sak, sai dai ƙarama. Ta ce sati biyu ta yi tana gwadawa a kan murfin gwangwani kafin ta taɓa na gaske.

Madubin kuma ta ƙera masa ɗan maƙali da ke kama leɓen ƙofa, da fata a ciki don kada ya ci fenti. Fitilun ta samo su wajen wani tsoho a hayin iyakar Norway, na zamanin motar ne, masu haska dama, ta mayar da su cikin zoben asali. Duk abin da ta cire ta naɗe shi a takarda, ta rubuta sunansa da gefen da ya fito, ta jera a kan kanta. Ta ce motar ba tata ba ce, wata rana wani zai so mayar da ita yadda take.

Shekara talatin da huɗu ina kallon yadda mutane ke bin doka. Yawanci da haushi suke bi, ko da dabara. Ban taɓa ganin wanda ya bi ta da ladabi irin haka ba, ga doka, ga motar.

Mun sha kofi da burodin kirfa a kan murfin durom. A nan ta gaya mini an samar wa Birger wuri a gidan kula da tsofaffi a Karlstad, ranar 15 ga Yuni za a zo ɗaukarsa. Bayanta ya daina iya ɗaga shi. Tana so ya hau titi a cikin motarsa kafin ranar, ba a harabar gida ba, titi na gaske da lamba.

"Ba don shi nake yi ba," ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Motar ce ta ba ni tausayi."

Birger ya buga ƙasa sau biyu.

Alhamis, 19 ga Mayu

Yau ta kawo ta dubawa, da Birger a motar maƙwabcinsu.

Fitilu daidai, layin haske ya kwanta inda ya kamata, bai hau ko yatsa ɗaya ba. Na ɗora motar a kan na'ura, allurar agogon ta tsaya a 50 ɗin da Majvor ta rubuta da hannunta, na'urata ma 50 ta ce. Na shiga rami na haska ƙarƙashi. Waldar da ta yi a inda tsatsa ta ci, sai da na shafa da yatsa kafin na gane inda sabon ƙarfe ya fara. Na daɗe a ramin fiye da yadda aiki ya buƙata.

Sai birki. Na gaba lafiya. Na baya, allurar dama ta tashi, ta hagu ta biyo ta rabin hanya ta tsaya. Na sake takawa. Haka. Na uku, haka.

Ylva tana waje da wata mota. Ba wanda ke kallon allon sai ni. Abin da na zata ke nan. Zan rubuta a nan tunda ba mai karantawa: hannuna ya kai kan maɓallin da ke share gwaji. Na ce a raina tsohuwa ce za ta tuƙa, a hankali, rana ɗaya, zagayen tafki.

"Rubuta abin da ka gani," in ji Majvor daga bayana. "Yayana zan saka a ciki."

Na rubuta. Ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta ce na gode. Birger ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba.

Juma'a, 20 ga Mayu

Ban taɓa kai hannu wurin maɓallin nan ba sai jiya. Ko don ɗan'uwan Gunnel ban yi ba, ya yi shekara biyu ba ya gaishe ni.

Majvor ta ga hannuna ko ba ta gani ba?

Litinin, 23 ga Mayu

Ylva ta ji a kanti cewa tukunyar birkin ce ta ci daga ciki saboda zaman shekaru. Sabuwa daga Ingila sai bayan sati biyar. Majvor ta ce za ta rarake tsohuwar a injinta ta sa mata riga ta tagulla. Na ce wa Ylva ba kowa ke iya wannan ba. Ta ce ai ba kowa aka ce zai yi ba.

Asabar, 28 ga Mayu

Waya da ƙarfe tara na safe. Majvor ce, ba gaisuwa. "Ƙafa ɗaya nake nema, ta Birger ba ta aiki. Kana da ita?"

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka feda, ɗaya yana ƙasa yana buɗe noti. Na san abin da zuwana ke nufi. In na taɓa motar, hannuna ba zai hau takardarta ba. Na tsaya a kicin da makulli a hannu na ɗan lokaci, sannan na fita.

Kujerar tana warin tsohuwar fata da taba. Daga ƙasa muryarta: taka, riƙe, saki. Taka, riƙe, saki. Kusan awa ɗaya. Da farko fedar tana nutsewa kamar an taka soso, a hankali ta fara turo ƙafata, har ta tsaya ƙam. Ta nuna mini tukunyar kafin ta rufe. Tagullar tana sheƙi, na zura ɗan yatsa ban ji gaɓa ba.

Na lura ta sa bel a kujerar gaba ta hagu. Na ce ai ban rubuta mata wannan ba, motar ta girmi dokar. Ta ce ta sani, amma Birger ba ya iya riƙe kansa a kwana. Ta ɗaure shi a ramukan da ta tarar a ƙarƙashin dardumar, ba ta huda ko ɗaya ba.

Da zan tafi Birger ya taɓa mini takalmi da sandarsa, sau ɗaya.

Litinin, 30 ga Mayu

Na gaya wa shugabanmu na yi aiki a motar Hedlund, a ba Ylva. Ya cire tabarau ya ce in maimaita. Ylva ta ce in ta kayar da ita kada in daina yi mata magana. Na ce in ta ga laifi ta rufe ido, a ranar zan daina.

Talata, 7 ga Yuni

Na tsaya a waje da Birger, muna kallon bangon tashar kamar masu jiran haihuwa. Ashe haka mutane ke ji. Minti arba'in. Ina jin ƙarar na'urar birki, na san lokacin da aka kai tayoyin baya.

Ylva ta fito da takarda, fuska a ɗaure, ta wuce ni ta miƙa wa Birger. "Ta ci, kawu. Allurai biyu kamar tagwaye."

Majvor ta zauna a kan bambar motar ta cire hula.

Saura lamba ta iso ta gidan waya. Kwana takwas suka rage.

Juma'a, 10 ga Yuni

Ba ta iso ba.

Litinin, 13 ga Yuni

Ta iso da rana. Majvor ta ce gobe ƙarfe goma, in zo in taimaka a ɗaga shi. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, na farko a bana.

Talata, 14 ga Yuni

Mu biyu muka saka shi a gaba, ta ɗaure masa bel, ni na shiga baya da keken a ninke. Ta tayar. Injin ba ya ihu, gurnani yake a hankali.

Muka bi gefen tafkin Fryken zuwa Sunne. Birger ya sauke gilashi da hannunsa mai lafiya, ya ɗora gwiwar hannu a taga. A cikin gari sai na ga mutane suna tsayawa. Shi ne a hagu, inda direba ke zama a kowace mota, sun ɗauka shi ke tuƙi. Wani tsoho a gaban kantin burodi, wanda suka yi makaranta tare, ya ɗaga sanda yana cewa Birger Hedlund, ashe ka warke. Birger ya ɗaga masa yatsu biyu kamar yadda direbobi ke yi, bai ko juya kai ba. Majvor ta nutse a kujerarta don kada a gan ta. Da gangan, na tabbata. Sau uku ta zagaya dandalin.

Da muka fita gari ta riƙe motar a 60, injin yana neman a sake shi. Sai Birger ya buɗe baki, da yarenmu, irin na ƙauyensu, kalma ɗaya bayan ɗaya:

"Sa giya ta huɗu, yarinya."

Motar ta ɗan karkata, ta daidaita ta. Sai da muka wuce coci ta ce:

"Shekara hamsin, Yaya. Abin da ka ajiye mini ke nan?"

Ta sa ta huɗu. Ta goge ido da bayan hannu, ta bar baƙin mai a kumatu. Ni tafki na yi ta kallo.

Muka dawo gida. Da muka zo fitar da shi ya riƙe ƙofar, sai muka bar shi a ciki. A nan ya ci abincin rana.

Laraba, 15 ga Yuni

An zo an ɗauke shi da ƙarfe goma sha ɗaya. Ban je ba, ba wurina ba ne.

Asabar, 20 ga Agusta

Rabona da rubutu wata biyu. Ba abin rubutawa sosai.

Wani likitan haƙori daga Arvika ya kawo wa Majvor tsohuwar motar Faransa, an ce ita kaɗai za ta gyara ta ba tare da ta ɓata ta ba. Nakan leƙa ranar Asabar, don wani aikin sai da mutum biyu. Ylva tana ƙorafi wai duk abin da ya fito daga garejin nan yanzu a kanta yake faɗawa. Za ta saba.

Yau Majvor ta ce in daina ƙwanƙwasa ƙofa, yana sa ta ajiye abin da ke hannunta a banza.

Gobe za mu Karlstad da koriyar, a fita da Birger. Ta ce bayanta na ciwo, ni zan tuƙa. Ban taɓa tuƙi daga dama ba.

Na yi aski da yamma. Dama lokacinsa ya yi.