Na Gyara Ƙofar, Ibro, Ka Zauna Gida

Zuwa ga taubashina Ibro, a Madawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar jikinka da na iyali. Yaya hannun, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Na sa wannan wasiƙa a shafina ne don 'yarka Hadiza ta karanta maka daga wayarta, tunda in na kira ka ba ka barina in kai ƙarshen magana. Ciwo ya nauyaya maka harshe amma bai rage maka gardama ba. Yau kam sai ka saurara, don ba a katse rubutu.

Na gyara hannun ƙofar Soja.

Hadiza ba ta san Soja ba sai a hoto, don haka bari in tuna maka shi a gabanta. Tsohuwar motar sojoji ce da muka saya a gwanjo muna da sauran ƙarfinmu, koriya, mai tsawo, mai tari da safe kamar tsohon da ya sha taba. Da ita muke kwasar albasa a nan Abidjan, daga Adjamé mu haye gada mu sauke a Treichville. Ni ne direba. Kai kuwa har yau ban san sunan aikinka ba, in ban da zama a kujerar dama kana gaya mini inda na yi kuskure.

Ka tuna ranar da hannun ya karye? A cunkoson unguwar Bracodi ne, wata gbaka, motar hayar nan, cike da fasinja ta goge mu ta gefena, ta tafi da mariƙin ƙofar waje. Na sauka zan yi faɗa, ka jawo ni. Ka ce, “Bar shi, ai ina nan. Mota mai mutum a ciki ba ta buƙatar hannu a waje.”

Haka muka zauna shekara da shekaru. Kullum kai ne za ka fara shiga ta dama, ka miƙo hannun hagu ka buɗe mini daga ciki. Kuma ba ka taɓa buɗewa a arha ba. Wai kai ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka ni bawanka ne, sai na ƙwanƙwasa na gaishe ka kamar sarki. Ko ana ruwa irin na Abidjan, wanda ba ya san girman kowa, sai ka sauke gilashi kaɗan ka ce ba ka ji ba. Na zage ka a ƙofar nan fiye da yadda na zagi kowa a duniya.

Da ciwon nan ya shanye maka gefen dama aka mai da kai gida, ban taɓa ƙofar ba. Ta wajenka nake shiga, in ja jiki bisa kujerarka, in ɗaga ƙafa in tsallake giya. Gwiwata ta yi ƙara, 'yan dako suna dariya, masu albasa suna cewa rowa ce ta hana ni gyara. A raina na san in na gyara, na yarda ke nan ba za ka dawo ba, ni kuwa ban shirya yarda ba.

Wata rana a tashar albasa hankalina ya tafi wani wuri, na tsaya ta gefen direba na ƙwanƙwasa. Na tsaya ina jira, Ibro. Sai da mai sayar da ruwan sanyi ta dube ni ta ce “yako, tonton”, wato sannu kawu, sannan na gane abin da nake yi. Kunya ta kama ni, amma kewar ta fi kunyar yawa.

Ba sai na gaya maka yadda garin nan yake ga mutum shi kaɗai ba. Tun rasuwar matata Zinaru ɗakina shiru ne. 'Ya'yana in sun zo sai in yi musu Hausa su mayar mini da Faransanci. Ranar Juma'a nakan fito daga babban masallacin Treichville in gaisa da jama'a, kowa na da kirki, amma babu mai ce mini bawa. Mai garba kuwa, wanda muke cin abinci a wajensa, har yanzu yakan zuba aceke, dambun rogon nan, da kifi na mutum biyu kafin ya tuna, sai ya kwashe rabi ba tare da ya dube ni ba.

Sai Hadiza ta kira ni. Kada ka yi mata faɗa, ni na ce zan faɗa. Ta ce ka sa an sauko maka da jakarka, kana tambayar wace mota ce za ta sauko Abidjan bayan an cire albasa. Ta ce likita ya hana, babarta ta yi kuka, ƙannenka sun yi magana, kai kuwa amsarka ɗaya: “Da hagu nake buɗe masa, hagun kuwa lafiyarsa lau. Wa zai buɗe wa bawana?” Ta ce, Kawu, mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa bayan gida, ina zai iya wannan doguwar hanya?

Gaskiya a lokacin wani gefen zuciyata murna ya yi. Amma na san hanyar nan, kai ma ka san ta. Mai lafiya ma yakan iso kamar an daka shi.

Washegari na shiga kasuwar tsofaffin kayan mota a Adjamé. Na sha yawo. Duk wanda na nuna wa guntun ƙarfen sai ya juya shi ya yi dariya, wani ma ya kira ni dattijo da Faransanci, ya ce, “Vieux père, masu wannan mota sun yi ritaya tun ba a haife ni ba.” Can ƙarshen layi na samu gawar wata irinta, ciyawa ta fito ta cikin inji. Hannu ɗaya ya rage mata, shi ma na ƙofar dama ne. Na kai wa Bakari mai walda, ya yanke harshen, ya juya shi, ya liƙe.

Sauran aikin ni na yi, a inuwar bayan sito. Kusoshin bangon ƙofar sun ci tsatsa, sai da na jiƙa su da baƙin mai na bar su suka sha. Da na cire bangon, ɓawon albasa da jar ƙasa ne cike a ciki. Siririn ƙarfen da ke haɗa hannu da makulli yana nan a rataye, bai lalace ba, jira kawai yake. Ƙaramar wayar da ke mayar da hannu mazauninsa ce ta ruɓe, na sa ta birkin babur.

Inda na sha wuya shi ne ɗaurewa. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya danne hannun ta waje, ɗaya ya ɗaure noti ta ciki. In na danne ba na kai ga noti, in na kama noti hannun ya faɗi ƙasa. Na ɗauko shi daga ƙasa har na gaji. Da mutane a wurin, da na kira wani da ya zo, amma bakina ya ƙi. A ƙarshe na yanko robar tsohuwar taya na ɗaure shi da madubi, na tokare da itace, sannan na zagaya na ɗaure. Da na ja ƙofar ta buɗe, ko ƙara ba ta yi ba. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na zauna a matakala na daɗe ban tashi ba.

To, ga shi ka ji. Ƙofa tana buɗewa, hujjarka ta ƙare. Ina shiga da kaina, ina fita da kaina, albasa tana isa Treichville a kan lokaci.

Ƙarya ne in ce ba na son ganinka a kujerar nan. Ina so, Ibro, fiye da yadda zan iya rubutawa a gaban mutane. Amma na fi son in ji kana raye a Madawa kana yi wa jikoki tsawa, da a kira ni daga wani gari a hanya a ce in zo in ɗauke ka. Kada ka zo. Ka sa a mayar da jakar nan bisa kabad.

Na ciro butarka da tabarmar sallarka da tsofaffin takalmanka daga ƙarƙashin kujera, na ba direban da zai hau gida ranar kasuwa. In sun iso ka karɓa, kada ka ce a dawo da su.

Allah ya ba ka lafiya, ya kwance maka harshe, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Allah ya saka wa Hadiza da mahaifiyarta da alheri. Ni kuma ka roƙa mini Allah ya ba ni haƙurin zama ni kaɗai, don har yanzu ban iya ba.

Wassalam.

Naka har kullum,
Hassan direba, Treichville.